Muhawara kan muƙalar “Damisar Sumatra”: suna, hoto da rigimar alƙaluma

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Wa ya ɗora muƙalar “Damisar Sumatra” a Wikipedia ta Hausa daren jiya? Ba faɗa zan yi ba, tambaya ce kawai.

Auwalu: Wa alaikumus salam Malam. Ni ne. Ita ce muƙalata ta huɗu tun da na fara. In da gyara a faɗa min, koyo nake.

Malam Habibu: Madalla, Allah ya ƙara basira. Gyara kam akwai shi. Fara da hoton da ka sa a akwatin bayani. Buɗe shi ka duba jikin dabbar da kyau, me ka gani?

Auwalu: Na ga rodi-rodi baƙaƙe, tana kwance a kan reshen bishiya.

Malam Habibu: To ita wadda ka yi rubutu a kanta, wato wadda Turawa ke kira “tiger” ta tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya, ratsi ne a jikinta, layi-layi baƙaƙe a kan ruwan goro. Wannan da ka sa damisarmu ce ta Afirka.

Auwalu: Innalillahi. Ni “damisa” kawai na rubuta a wurin neman hoto, na ɗauki wanda ya fi kyau.

Zainab: Kada ka ji komai ƙanena, ba kai ne farau ba. Amma ni sakin layi na uku ne ya kusa sa ni ƙwarewa da shayi. Ga abin da ke ciki: “Macen tana haifar shara ta biyu zuwa uku.” Sai da na koma na Turancin kafin na gane. Kalmar da suke kiran 'ya'yan da dabba ta haifa a ciki ɗaya, ita ce dai kalmar da suke kiran bola da ita, injin fassara ya zaɓi bolar. Can ƙasa kuma an ce “yawan jama'ar damisa yana raguwa”, sai ka ce ƙidayar 2006 ake magana.

Auwalu: Anti Zainab wallahi na karanta kafin na wallafa, idona ne bai kai wurin ba.

Zainab: Na gyara maka wannan. Yanzu ya koma: “Cikinta yakan kai kimanin wata uku da rabi, takan haifi 'ya'ya biyu ko uku.” Shawarata, ka riƙa karantawa da ƙarfi kamar kana karanta wa kakarka. Inda ka san za ta ce “me ka ce?”, nan ne gyara yake.

Baba Ɗanjuma: Salamu alaikum 'ya'yana. Na bi maganarku tun daga farko. Hoton da sharar duk ƙananan abubuwa ne, minti biyar sun isa. Babbar ɓarnar tana kan sunan muƙalar. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa, kuma ban taɓa yarda ɗalibi ya kira wannan dabbar damisa ba. Damisa tamu ce, mun san ta, maharbanmu sun san ta, fatarta na cikin kayan sarauta, karin maganarmu ya san ta: damisa ƙi sabo. Ku buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ku ga wace dabba ya ce damisa. Ita wannan mai ratsin ba ta taɓa zama a dajin Afirka ba, dabbar Asiya ce, shi ya sa kakanninmu ba su raɗa mata suna ba.

Sadiya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kafafen yaɗa labarai na Hausa sun daɗe suna cewa damisa in ana labarin ta Indiya. Mai karatu ma abin da zai rubuta a wayarsa ke nan in yana nema. Ƙa'idarmu kuwa a bi sunan da aka fi sani.

Baba Ɗanjuma: 'Yata, kuskure in ya yi yawa ba ya zama daidai, yawa kawai ya yi.

Sadiya: A harshe kam yakan zama, Baba. Ku da kanku kun sha faɗa mana cewa masu magana ne ke da harshe, ba masu ƙamus ba.

Baba Ɗanjuma: Kin kama ni da bakina. Amma saurara ki ji inda gizo ke saƙa. Maƙwabcin Sumatra tsibiri ne mai suna Jawa. A Jawa akwai damisa ta ainihi, mai rodi-rodi, tana nan da ranta har gobe ko da yake ta yi ƙaranci. A Jawa kuma an taɓa yin irin wannan mai ratsin, ita ta ƙare, tun shekarun 1970 ba a sake tabbatar da ganinta ba. To ranar da Auwalu zai rubuta muƙala a kan kowaccensu, duka biyun “Damisar Jawa” zai kira su? Ɗaya a ce tana raye, ɗaya a ce ta ƙare, da suna guda? Sannan ita Sumatra ba ta da damisa irin tamu ko ɗaya. Ke nan sunan muƙalar nan, in aka bi ma'anar kalma, sunan abin da babu ne.

Malam Habibu: Wannan hujja ta Baba ta yi nauyi, gaskiya. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Isuhu na Maraɗi: Barkanku da war haka. Mu nan wajenmu wanda ya yi lakkwal da Faransanci “tigir” zai ce, ku kuma na ji kuna cewa “taiga”. In kuka sa taiga, mutanenmu na Nijar sai sun tsaya tunani. In aka sa tigir, ku ne za ku tsaya. Wikipedia ɗin kuwa tamu ce baki ɗaya.

Auwalu: Ni in aka ce taiga, ƙaramin janareton shagon aski ne ke faɗo min a rai.

Zainab: Ko reza ba. Kuma ga 'yan ƙwallon kwandon Najeriya da ake kira D'Tigers, alhali ko wutsiyar dabbar babu a dajin ƙasar.

Malam Habibu: Mu dawo kan hanya. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon kan ba. Larabawa ma suna cakuɗa “namir” tsakanin dabbobin biyu, duk da suna da “babr” ta mai ratsin. Masu Swahili sun warware nasu cikin sauƙi: damisa “chui” ce a wurinsu, wannan kuma suka ce “chui milia”, wato damisa mai ratsi. Me zai hana mu bi wannan hanyar? “Damisa mai ratsi ta Sumatra.” Mai nema zai ga kalmar da ya sani, kuma an bambance ta da tamu. Sai mu yi shafukan turawa daga “Taigar Sumatra” da “Damisar Sumatra” su kawo mutum nan.

Sadiya: Malam, ba ƙirƙirar suna muka yi ba ke nan? An hana mu kawo abin da babu shi a wata majiya.

Malam Habibu: Siffantawa ce, Sadiya, kamar yadda aka ce jakin dawa ko rakumin dawa. Kuma a jimlar farko za mu faɗi gaskiyar lamarin: Hausa ba ta da tsayayyen suna gare ta, wasu na cewa damisa, wasu taiga, mutanen Indunusiya na kiranta harimau. Mai karatu ya san inda aka tsaya.

Baba Ɗanjuma: Har yanzu akwai “damisa” a ciki, raina bai kwanta ba. Amma da babu gara ba daɗi. A kai shi shafin tattaunawa na muƙalar a bar shi kwana bakwai, kowa ya sa bakinsa a can. Abin da aka yanke a nan rukunin ba ya zama hujja ga wanda ba ya cikinsa.

Dakta Rabi: Ku yi haƙuri na shigo a makare, ina dakin gwaji tun safe. Na bar muku rigimar suna, ku ne masu harshe. Ni abubuwa biyu ne suka dame ni, kuma na farkon shi ne sunan kimiyya. Auwalu ya rubuta Panthera tigris sumatrae a akwati, a cikin rubutu kuma Panthera tigris sondaica, bai ce komai ba a kan bambancin. Mai karatu zai ɗauka kuskuren bugu ne.

Auwalu: Dakta ni ma na ɗauka ɗaya kuskure ne, na rasa wanne zan goge.

Dakta Rabi: Kada ka goge ko ɗaya. Ga yadda abin yake. A 1929 wani masanin dabbobi na Ingila, Reginald Pocock, ya siffanta ta Sumatra a matsayin reshe mai zaman kansa a cikin jinsin dabbar, ya ba ta suna sumatrae. Aka daɗe a kan haka, ana lissafa rassa takwas, daga baya tara. A 2017 kwamitin masana dangin kyanwa na IUCN, hukumar kare halittu ta duniya, ya sake duba rabe-raben, ya ce rassa biyu ne kacal: na babban yankin Asiya duka tigris, na tsibiran Sumatra da Jawa da Bali duka sondaica, sunan da aka fara ba ta Jawa tun 1844. Shekara guda bayan haka, a 2018, wani bincike da aka yi kan ƙwayoyin halittar dabbobin ya fito yana goyon bayan rassa shida masu rai, Sumatra a cikinsu da nata matsayin. Ke nan masanan ba su gama daidaitawa ba. Aikinmu mu faɗi duka biyun da shekarunsu, ba mu zaɓar musu wanda ya yi nasara ba.

Isuhu na Maraɗi: Dakta, shin wannan gardamar tana da wani amfani ga dabbar kanta, ko dai ta cikin ofis ce?

Dakta Rabi: Tana da shi, Malam Isuhu. Ko wane lissafi ka bi, ta Sumatra ita kaɗai ta rage a tsibiran. Ta Bali, wadda aka tabbatar ta ƙarshe an harbe ta a yammacin tsibirin a 1937, mace ce. Ta Jawa Baba ya riga ya faɗa. In ta Sumatra ta tafi, a lissafin 2017 rabin rassan jinsin ne ya tafi gaba ɗaya. Wannan jimla ce da ya kamata ta shiga gabatarwar muƙalar.

Af, kuma a gyara inda aka ce ita ce mafi ƙanƙanta a duk jinsin. A cikin masu rai ne. Ta Bali ta fi ta ƙanƙanta. Namijin Sumatra kilo 100 zuwa 140 ne, macen 75 zuwa 110. Ratsinta ya fi na sauran matsuwa, launinta ya fi duhu, namijin kuma yana da gashi mai yawa a kumatu kamar saje.

Zainab: Na sa “a cikin masu rai”. Na biyun fa, Dakta?

Dakta Rabi: Na biyun shi ne wannan jimlar: “Guda 400 ne suka rage a duniya.” Babu majiya, babu shekara, babu “kimanin”. Wa ya ƙirga su? Dabba ce mai yawo ita kaɗai cikin dare a dajin da ko rana ba ta ratsa shi sosai, a tsibirin da girmansa ya kai kusan rabin Najeriya. Ba shanu ba ne da za a tsaya a bakin garke ana ɗaya, biyu. Abin da masu bincike ke yi, su ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi a hanyoyin da take bi, duk abin da ya gifta kyamarar ta ɗauka. Ratsin kowace dabba daban yake, kamar zanen yatsan mutum, da shi ake gane wannan ita ce ta makon jiya ko wata ce. Daga nan a yi lissafin nawa ke cikin faɗin wuri kaza, a ninka da faɗin dajin da ya rage. Hasashe ne mai tushe, amma hasashe ne.

Shi ya sa alƙaluman suka sha bamban. A 1978 an ƙiyasta kimanin 1,000, kuma ta hanyar tambayar mutane aka samo wannan. A 1992 aka ce 400 zuwa 500 a manyan gandun daji. Binciken da aka wallafa a 2017 ya ba da 618 na shekarar 2012, amma da ragi ko ƙari na 290. Ku duba girman wannan tazarar: daga ɗari uku da 'yan kai har sama da ɗari tara.

Sadiya: To Dakta in muka zuba duk wannan, ba za mu rikita mai karatu ba? Ɗan sakandare da aka ba aikin gida lamba ɗaya yake so.

Dakta Rabi: Ya so. Ba za mu ba shi abin da babu ba don ya ji daɗi. A gabatarwa a ce “'yan ɗaruruwa ne suka rage a daji, kuma IUCN ta sa ta a rukunin dabbobin da ke dab da ƙarewa”. Wanda ke son lambobi ya sauka ƙasa ya same su, kowace da shekararta da yadda aka samo ta. Kuma a cire “a duniya”, don akwai wasu a gidajen namun daji na ƙasashe da dama, lissafin na daji ne.

Malam Habibu: Na goyi bayan wannan. Kuma kada a jera 1978 da 1992 da 2012 a ce ga yadda suka ragu ko suka ƙaru, tunda ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Dakta Rabi: Yauwa Malam. Abin da shi binciken na 2017 ya nuna da ma'auni ɗaya shi ne, a cikin dajin da ake tsaro yawansu yana ɗan ƙaruwa, amma dajin kansa yana ƙanƙancewa, har jimillarsu ta ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari tsakanin 2000 da 2012. Wurare biyu ne kawai ke da mata masu haihuwa sama da 30: Gunung Leuser a arewa da Kerinci Seblat a tsakiyar tsibirin ta yamma.

Auwalu: Ni a sashen barazana “farauta” kawai na rubuta. Me ke cinye dajin?

Zainab: Wannan na ɗan karanta a kai jiya. Gonakin kwakwar manja ne kan gaba, sai dashen bishiyoyin da ake yin takarda da su, musamman a lardin Riau, sai ƙananan manoma masu shiga gandu su shuka gahawa. Indunusiya ce ta fi kowace ƙasa samar da manja a duniya. Abin da ya ba ni mamaki, ita bishiyar kwakwar manjan 'yar Afirka ta Yamma ce. Turawan Holan ne suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke Jawa a 1848, gonar kasuwanci ta farko a Sumatra kuma 1911 aka buɗe ta.

Isuhu na Maraɗi: Ikon Allah. Ba mu da dabbar, amma bishiyarmu ce ta kore ta daga gida.

Sadiya: Don Allah kada wannan ya shiga muƙala a haka, Malam Isuhu. Ra'ayi ne, za a goge.

Isuhu na Maraɗi: A nan na faɗa, Hajiya, ba a can ba.

Dakta Rabi: A farautar ma akwai abin da ya kamata a fayyace. Ba bindiga ce ta fi yi musu ɓarna ba, tarkon waya ne. Wani ana kafa shi don ita, saboda fata da ƙashi da haƙora da ake fataucinsu a ɓoye. Wani kuma manomi ne ya kafa wa aladen daji da ke cinye masa gona, ita ta faɗa. Wayar takan shige cikin ƙafa, in an cece ta ma sau da yawa sai an yanke ƙafar. Ga kuma rikici da mutanen ƙauye in ta kama akuya ko saniya, wani lokaci har mutum. A rubuta wannan ɓangaren da adalci, kada a mai da talakan da ya rasa dabbarsa mugu.

Baba Ɗanjuma: Akwai abu guda da na ga babu shi ko a layi ɗaya, kuma ina ganin mai karatunmu zai so shi fiye da sunayen Latin. A 2014 Majalisar Malaman Indunusiya ta fitar da fatawa cewa haramun ne farauta da fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma wannan dabbar na cikin waɗanda aka yi dominsu. Ƙasa ce da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin. Sannan mutanen Minangkabau na yammacin Sumatra ba sa kama sunanta gatsau, “inyiak” suke cewa, wato kaka, kamar yadda mu ma muke sakaya sunan zaki mu ce manyan dawa.

Malam Habibu: Baba wannan ya shiga, a buɗe masa sashen al'ada da addini. Sai dai a bayyana cewa fatawar ba dokar ƙasa ba ce. Dokar da ke hukunta masu kashe ta ita ce ta 1990 kan kare namun daji, kuma cinikinta tsakanin ƙasashe haramtacce ne a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji. A nemo wa kowanne majiyarsa kafin a sa.

Isuhu na Maraɗi: Ni dai ina da ƙorafi ɗaya, ku yi min afuwa. Mun kwashe yini guda kan dabbar Indunusiya, alhali zakin Afirka ta Yamma, wanda ke gandun W namu da Yankari da Kainji naku, shi ma 'yan ɗaruruwa ne suka rage. Ya kamata a ba shi irin wannan yinin.

Zainab: Gaskiyarka. Ka buɗe masa zare daban, ni zan shigo. Amma mu ƙarasa wannan tukuna, kada mu kama biyu mu saki biyu.

Auwalu: Na canza hoton yanzu. Na samo wata fara tas mai baƙin ratsi a Commons, rumbun hotunan Wikipedia, ta yi kyau sosai.

Dakta Rabi: Auwalu! Farar ba ta Sumatra ba ce, daga zuriyar ta Bengal ake samun su, kusan duka a gidajen namun daji. Karanta bayanin da ke ƙasan hoton kafin ka ɗauka. Nemi wanda aka rubuta sumatrae a jikinsa.

Auwalu: Na shiga uku. To na cire. Na samu wani, namiji ne, da sajen nan da kika faɗa, an ce a gidan namun daji aka ɗauka.

Dakta Rabi: Shi ne. Ka rubuta a ƙasansa cewa a gidan namun daji ne, kada a zaci daji ne.

Malam Habibu: To ga rabon aiki. Dakta ta ɗauki rabe-raben kimiyya da alƙaluma. Zainab barazana da wankin Hausar gaba ɗaya. Baba al'ada da addini, Sadiya ta taya shi sa manazarta tunda ya ce madannan wayarsa sun yi masa ƙanana. Auwalu kai ne za ka buɗe batun suna a shafin tattaunawa, muƙalarka ce. Kuma kowa ya gyara sashensa kaɗai, kada mutum biyu su buɗe shafin duka a lokaci guda aikin wani ya bi ruwa.

Baba Ɗanjuma: Auwalu, in ka buɗe ka sanar da ni. Zan je in rubuta cewa ban yarda da “damisa” ba ko da an ɗaura mata ratsi, don ya zauna a tarihin shafin.

Auwalu: Na buɗe Baba. Amma a ina ake sa hannu? Na rubuta sunana bai fito da kwanan wata ba.

Sadiya: Alamar nan mai kama da igiyar ruwa, ka danna ta sau huɗu a ƙarshen maganarka.